Rasuwar Sai-Ka-Dawo, Babur ɗin Gidan Maiturare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannun da har yanzu bai rabu da warin fetur ba, Malam Ukasha Maiturare na unguwar Kachalla Sembe, Jalingo, a madadin kansa da iyalinsa da duk wanda ya taɓa ce masa "ara mini yanzu in dawo", yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, wanda aka fi sani da Sai-Ka-Dawo. Marigayin ya cika ranar Alhamis da ta wuce, da yamma, a kan hanyar Mutum Biyu, ana hango gadar Nukkai. Ya rasu tankinsa a cike.

An sayo marigayin sabo a kwali daga wani shago kusa da Kasuwar Jalingo, a shekarar da aka tura Malam Ukasha aiki ƙaramin asibitin Wuro Bappa, ƙauyen da mota ba ta shigarsa sai da rani, ranin ma sai direba mai taurin kai. Akwai ɗaki a bayan asibitin da aka tanadar wa ma'aikaci, mai gadon ƙarfe da taga ɗaya. Malam Ukasha bai taɓa kwana a cikinsa ba, kuma wannan shi ne babban aikin da marigayin ya yi a duniya. Mahaifin Malam Ukasha, wanda kowa ke kira Baba, yana kwance a gida da shanyewar ɓarin jiki. Kullum da safe sai an ɗaga shi an yi masa wanka an sauya masa kaya, da yamma a sake juya shi a shafe masa baya don kada kwanciya ta ci shi. Baba bai yarda surukarsa Balaraba ta ga jikinsa ba, bai yarda jikokinsa mata su gani ba. Ɗa namiji da yake da shi a garin nan ɗaya ne. Marigayin ne ke fitar da wannan ɗan bayan wankan safe, ya kuma dawo da shi kafin magariba, damina da rani.

Sunan Sai-Ka-Dawo mutanen unguwa ne suka raɗa masa. Abin da Malam Ukasha ke faɗa ke nan duk lokacin da ya miƙa makulli, kuma babu wanda ya taɓa jin ya faɗi wani abu daban. Da zarar marigayin ya dawo daga Wuro Bappa, kafin injinsa ya huce, akwai mai jiransa a ƙofar gida. Asabar da Lahadi kuwa ba ya ganin inuwa. Ya kai mai naƙuda asibiti. Ya ɗauko buhun masara, ya ɗauko langa-langa, ya ɗauko ragon suna a ɗaure yana kuka a bayansa. Ya je neman aure sau da dama, kuma ba laifinsa ba ne da wasu ba su yiwu ba. Ranar Juma'a yana bakin masallaci, ranar Lahadi yana bakin coci, bai taɓa tambayar mahayi addininsa ba.

An san shi da haƙuri da saurin tashi. Bugu ɗaya ake yi wa kikinsa ya amsa, "tu-tu-tu-tu", a natse, kamar dattijon da ke gyaran murya kafin ya yi magana. In ya shiga taɓon Wuro Bappa yakan ce "wuuu, wuuu", ya karkaɗa baya, ya fita. A lokutan da aka taƙaita zirga-zirgar babura a cikin gari ya bi doka: akan tura shi da hannu har bayan gari kafin a tayar da shi, bai yi gunaguni ba. Aibinsa ɗaya da iyalan suka amince a faɗa shi ne birkin baya, wanda yake kamawa a lokacin da ya ga dama.

Game da ajalinsa, iyalan suna so a fahimci cewa babu wanda ake zargi. Abin da ya faru shi ne kamar haka.

Shekara da shekaru Malam Ukasha bai taɓa riƙe lokacin juyen baƙin mai a kansa ba, domin ba ya bukata. Rumfar bakanikensa, Andrawus, tana jikin katangar gidan man da yake shan mai. Duk lokacin da ya tsaya a layi, Andrawus zai taso da tsumma a kafaɗa, ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce ko dai "da saura" ko "Dokta, kawo shi". Wannan shi ne kalandar marigayin tun yana sabo, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

Da fetur ya yi tsada, masu aro suka fara dawo da shi tanki a bushe. Malam Ukasha ya ci gaba da miƙa makulli. Surukinsa ne, Alhaji Njidda, mahaifin Balaraba, wanda shi ma yana cikin manyan masu aron, ya ga abin bai dace ba. Wata rana bayan la'asar ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci, ya ce abin kunya ne unguwa guda ta hau kan yaro ɗaya ba ta ce masa ko useko, wato na gode, ba. Ya kafa doka: duk wanda ya ari babur ɗin, ko nan da bakin titi ne, kada ya dawo da shi sai ya zuba masa kwalba ɗaya. Aka yi na'am. Maƙwabcinsu Tobiya, mai gyaran fanka, shi ya fara, ya zuba biyu don a gani. Daga nan abin ya zama gasa. Masu sayar da mai a kwalba na bakin hanya duk suka san marigayin. Kowace safiya Malam Ukasha zai buɗe tanki ya tarar mai har wuya. Ya gode wa Allah, ya gode wa surukinsa, ya daina bi ta gidan mai.

Andrawus ya ga mako ya wuce, wata ya wuce, Dokta bai zo ba. Sau da yawa yakan hango marigayin ya gifta da wani a kai. Ya yanke a ransa cewa an sauya bakanike. Ya ce shi ba zai bi mutum gida yana tambayar laifin da ya yi ba, kowa da rabonsa. Shi kuma Malam Ukasha, da ya tuna Andrawus sai ya ce ranar Asabar, ranar Asabar kuwa marigayin ba ya gida.

Rashin lafiyar ta fara a hankali. Muryarsa ta yi kauri, "tu-tu-tu" ta koma "tar-tar-tar". Sai zafin jiki, har mahayi kan ji shi a ƙwauri. Sai wata 'yar ƙara daga can cikin ciki, "ƙas, ƙas, ƙas", musamman a hawa. Binciken da iyalan suka yi bayan rasuwar ya nuna cewa kusan duk wanda ya hau shi a watannin nan ya ji wannan ƙara. Babu wanda ya faɗa. Tobiya ya ce ya ji tsoron kada a ce a hannunsa ta fara. Alhaji Njidda ya ce ba a aron abu a dawo da shi da ƙorafi, kuma ya ɗauka mai abu ya san abinsa. Kowannensu, da ya ji ƙarar, sai ya ƙara kwalba ɗaya a kan ta doka. Malam Ukasha ma ya ji ta. Ya so ya tambayi wanda ya hau jiya, sai ya tuna wanda ya hau jiya surukinsa ne.

A ranar Alhamis ɗin marigayin ya tashi da bugu huɗu, abin da bai taɓa yi ba. Ya kai Wuro Bappa. Ya yini a ƙarƙashin bishiyar mangwaron asibiti. A hanyar dawowa ya fita taɓo, ya hau kwalta, ya yi tafiya mai tsawo yana "ƙas, ƙas", sannan ya ce "kwarrr", sannan "ƙit". Tayar baya ta ja layi baƙi a kan titi. Malam Ukasha ya sauka ya taka kiki, kiki ya ƙi motsi ko kaɗan, kamar an zuba masa siminti. Ya buɗe tanki, ya ga fuskarsa a cikin mai. Ya rufe, ya fara turawa. Waɗanda suka wuce shi a Keke sun shaida cewa ya ɗora hular kwanonsa a kan madubi, yana tafe yana duba rana.

Ya iso gida an daɗe da yin magariba. Ruwan zafin da Balaraba ta dafa ya huce, ta sake ɗorawa, ya sake hucewa. Ta ce ta tsaya a bakin ƙofa ta roƙi Baba ya bari ko juya shi kawai ta yi, da zane a lulluɓe. Ya ce mata Allah ya yi mata albarka, ta ja masa ƙofa.

Washegari aka kai gawar rumfar Andrawus. Bai yi gaisuwa mai tsawo ba. Ya kwance ƙusar ƙasan injin, ya tara gwangwani. Abin da ya ɗigo bai rufe gindin gwangwanin ba, baƙi, mai kauri kamar kwalta, da ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya daɗe yana kallonsa.

"Dokta," ya ce, "wane ne sabon bakaniken naka?"

Malam Ukasha ya ce babu wani, shi ne dai.

Andrawus ya zauna a kan benci. Ya ce da ya sani da ya tare shi a titi ko da zagi ne. Bayan ya buɗe injin ya tabbatar da cewa fistin ya manne, abin da ke ƙasa da shi ya narke, kuma gyaran da za a yi ba gyara ba ne, sayen wani babur ne a cikin tsohuwar riga. Ya ƙi karɓar kuɗin dubawa.

Marigayin ya bar hular kwano ɗaya mai tsaga a ƙeya, wadda yanzu take rataye a ƙusa. Ya bar rigar ruwa, da robar ɗaure kaya guda biyu da suka yi masa hidima tun farko. Ya bar madubi ɗaya, ɗan uwansa ya riga shi tun wata daminar. Ya bar tayar gaba sabuwa, wadda ba ta ga komai a duniya ba tukuna. Ya bar makulli biyu, ɗaya a hannun mai shi, ɗaya a aljihun Alhaji Njidda, wanda ya aiko da shi cikin ambulan ba tare da saƙo ba. Ya kuma bar unguwa guda wadda babu mai babur a cikinta, domin tsawon shekarun nan babu wanda ya ga dalilin saye.

Iyalan suna godiya ga waɗanda suka yi ƙoƙari. Mutanen unguwa sun fara haɗa gudummawa, kuma abin da aka tara zuwa yanzu, in ji Tobiya, zai sayi sarƙa da fitila. Malam Ukasha ya gwada zuwa aiki a motar haya, daga mararraba ya hau ɗan acaɓa, ya gano cewa albashinsa zai ƙare kafin wata ya raba. Ya nemi a dawo da shi aiki cikin gari, an ce masa a yi haƙuri, ana dubawa. Ya ce zai ajiye aikin. Balaraba ta dubi 'ya'yanta, ta dubi ledar magungunan Baba. Tobiya ya shiga ɗakin Baba da kansa, ya durƙusa, ya ce shi ma ɗa ne, ya yi jinyar nasa uban har ya rasu, hannunsa ya san aikin. Baba ya gode masa, ya juya fuska bango.

Baba ne ya yanke maganar. Kafin ciwo ya kwantar da shi, turare yake sayarwa a kasuwa, kamar yadda ubansa ya yi tun zuwansu daga Kano. Ya sa aka kira ɗansa, ya yi magana da gefen bakinsa mai motsi.

"Kai, ka tafi aikinka. Daga Litinin zuwa Juma'a ba shekara ba ce, wanka zai jira ka. Akwai sauran turare a akwatina, ka matso mini da shi kusa da hannun nan mai lafiya."

Malam Ukasha ya matso da akwatin.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Liman ya ja hankalin iyalan cewa ba a yi wa ƙarfe salla, kuma sun amince. Ranar Asabar da hantsi za a tsiyaye man da ke tankin marigayin a rumfar Andrawus. Za a cire tayar gaba da madubi don masu bukata. Daga nan 'yan gwangwan za su ɗora sauran a kan sikeli, su tafi da shi a kura. Ana roƙon masu rakiya kada su yi ciniki a gaban mai shi.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidan Maiturare har yammacin Lahadi. Ranar Litinin da sassafe, bayan wankan Baba, Malam Ukasha zai ɗauki katifa da risho ya tafi ɗakin da ke bayan asibitin Wuro Bappa, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Wanda bai samu zuwa ta'aziyya ba kafin nan, in namiji ne, mai ƙarfin hannu, wanda Baba ya san fuskarsa, ana roƙonsa ya zo ranar Talata da safe. Balaraba za ta ajiye ruwan zafi da soso da tawul a bakin ƙofa. Ya yi sallama, ya jira. Iyalan ba su da tabbacin za a ce masa ya shigo.