Abokin Ciyaman Mai Hawan Raƙumi

Wai kun san Ciyaman Maharazu Na-San-Gobe? Kai, in ba ku san shi ba kun yi asarar zuwa unguwar Deira ta ƙasar Larabawa! Shi ne fa babban mai karɓar cacar ƙwallo da tsere, ofishinsa katafare, wato ƙarƙashin matakalar shagon kago na masu aika kaya gida, kujerar roba ɗaya, wayoyi uku, biyu ba sa kawo wuta. A ɓoye yake harkar don ƙasar ba ta wasa da caca, amma muryarsa har bakin ruwa inda ake shiga kwale-kwalen abra ana ji.

Kullum cewa yake, "Habibi, ni ba na canka. Ni ana gaya mini ne."

To da lokacin tseren raƙuma ya zo sai ya tara 'yan kago, ya gyara agogon gwal ɗinsa da ke yi masa kore a hannu. "Raƙuma mai lamba bakwai ita za ta ci, khalas. Mahayinta aminina ne, jiya ma tare muka ci shinkafar kabsa, ya rantse mini." Nan fa aka hau zuba masa salari. Har Abdul-Samed, wani ɗan Zangon Kumasi mai gadi a otal, ya miƙa kuɗin sabunta bizarsa kaf.

Amma fa ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi. Ranar tseren Abdul-Samed ya tubure, "Massa, mu je in gai da abokin nan naka." Ciyaman da bai taɓa leƙa filin ba ya ce yalla mu je, ya shige gaban mota yana ƙissima yadda zai rungume duk Balaraben da ya fara gani.

Suna isa ga raƙuma sun jeru. Ba mutum ko ɗaya a kai! Wasu 'yan robot ne kamar galan a ɗaure a doro, kowanne da bulalarsa, masu raƙuman na cikin jif riƙe da rimot.

Abdul-Samed ya nuna na kan lamba bakwai. "Ciyaman, wannan ne ya ci kabsar?"

Ciyaman ya ƙare wa robot ɗin kallo, ya ce, "Wallahi ya rame."

Lamba bakwai ta zo ta ƙarshe, nan aka ritsa Ciyaman sai ya dawo da kuɗin mutane. Kafin magariba an sayar da agogo da wayar nan mai rai, Abdul-Samed ya samu rabin kuɗin bizarsa, Ciyaman kuma yanzu dakon kwali yake yi a unguwar Al Warsan. Don Allah ku tura wa 'yan gurup ɗinku, kar wani ya sake ba aminin robot salarinsa!