Ledar da Ta Raba Ni da Sudan

Ba zan taɓa mantawa da ranar da leda ta raba ni da karatu ba. Ko na so in manta, mutanen garinmu Kazage ba za su bar ni ba.

Shekara ɗaya na yi a Khartoum ina koyon Larabci. A can ɗalibi baƙo sai da katin izinin zama, ɗan kwali mai hotonka, duk shekara a buga masa hatimi a baya. Ba hatimi, ba aji. Da na zo hutun damina sai na shiga nuna katin nan kamar ni na ƙera shi. Kowa sai ya taɓa, mai hannun manja da mai hannun taki. Ganin ya fara laushi, na hau mashin zuwa Birnin Gwari, shagon Bulus mai hoto, na ce ya manne min shi cikin leda yadda muke yi wa takardar firamare. Ya fito yana sheƙi. (Har sumbatarsa na yi, Allah ya yafe min.)

Hutu ya ƙare, wa'adin katin ma ya zo ƙarshe. Muka shirya: da safe hatimi a ofishin jakadancin Sudan a Abuja, da yamma jirgi. Mota guda cike da 'yan rakiya, Kawu Sale ƙanen mahaifiyata a gaba.

Ma'aikacin ya juya katin, ya dube ni, ya buga hatimi. Sannan ya sa yatsa ya shafa. Tawada ta goge tas daga kan ledar. Ya tambaye ni da Larabci:

"Ya ustaz, a ina kake so in buga?"

Larabcin shekara guda ya gudu ya bar ni. Kawu ya kutso.

"Kai ɗan nan, ba ɓarewa ake yi ba? Kawo nan!"

Ya sa farce ya ja. Leda ta taso da rubutun, ta haɗa da rabin fuskata. Ido ɗaya a leda, ɗaya a kwali.

Sabon kati sai makaranta ta aiko da takarda. Kafin ta iso an ba wani gurbina. A motar da ta kai ni na dawo, 'yan rakiya suka cinye dambun naman da Inna ta yi min guzuri tun ba mu shiga dajin Kamuku ba. Direba yana ta leƙo ni ta madubi: "Ustaz, ya mutanen Sudan?"

Yanzu ga furfura, gonar da na koma nomawa ma 'yan bindigar dajin sun hana mu zuwa. Wani lokaci bayan la'asar sai in ji ƙamshin shayin wata mata da ke sayarwa a bakin kogin Nilu, in tuna littafin nahawun da na bari ƙarƙashin katifa a Khartoum, na naɗe kunnen shafin da zan ci gaba. Ban san wa ya buɗe shi ba.

Darasi kuwa na koya. Ko takardar haihuwar 'ya'yana ban yarda a sa mata leda ba. Gwamma ɓera ya cinye ta, aƙalla a ce laifin ɓera ne.