Biyar Sau Biyar a Lambun Albasa

Shekarar da ruwan tafki ya ja baya sosai a Wara, na ƙuduri faɗaɗa lambun albasata. Fangali goma ne a tsaye, goma a kwance, na ce zan ƙara biyar kowane ɓangare. Biyar sau biyar, ashirin da biyar. Daidai wannan na ƙara a kan irin da na saba yafawa, na gayyato mutane dashe.

'Yata Hajara, malamar lissafi a Yelwa, ta tsuguna ta rubuta (10+5)(10+5) a kan yashi.

"Baba, kowace lamba sai ta ninka duka biyun can. Kusurwa kaɗai ka lissafa, ka bar hamsin nan, hamsin can."

Na sa takalmi na goge. "Ina noman albasa tun ba a yanke miki cibiya ba!"

Ranar dashe, kafin azahar iri ya ƙare. Fangali ɗari na kwance fayau, 'yan gayya suka koma inuwa jiran tuwo suna ƙunshe dariya. Hajara ko kallona ba ta yi ba, wannan ya fi ƙona mini rai.

Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya: "Baba, biyar sau biyar nawa?"

Ashirin da biyar ne mana! Mai musu ya fito.