Salatif a Bayan Amfilifaya

Ranar Alhamis ɗin, ƙarfe bakwai Musbahu ya karya da waken ful da burodin tamis tare da mahaifinsa Ya'u, a gidansu na unguwar Nuzla. Ƙarfe tara ya tafi Kurayyat, shagon kayan sauti na Zaharadden, taubashin Ya'u. Ƙarfe ɗaya ya dawo cin abinci. Ƙarfe huɗu Zaharadden ya zo da mota, suka loda jitar bas ɗin Musbahu da amfilifayarta, akwatin ƙara sauti, suka nufi wani biki a Abhur. Washegari zuciyar Musbahu ta tsaya, yana da shekara ashirin da shida.

Ya'u ya sha lissafa wannan yini. Shi ya samu awa ɗaya da rabi, lokacin karin kumallo da na abincin rana. Zaharadden ya samu tara.

Bayan wata huɗu, da hantsi, Zaharadden ya buga ƙofar Ya'u, ɗauke da amfilifayar.

"…lafiya lau, ya ƙarin haƙuri? Yalla ɗan mace, kama min nan, ubangidanka ya zo da kaya."

"Ubangidan da ke haki a hawa na biyu? Ajiye a hankali, akwatin nan ya fi ka daraja."

"Ya fi ni? Shi ya kunyata ni jiya gaban mutum ɗari uku."

"Wata huɗu ina cewa ka dawo min da amfilifayar ɗana. Sai da ta ci maka mutunci ka tuna hanya."

"Ta lalace ne. Badr, sabon mai jitarmu, ba ya jin kansa saboda ganguna. Da ya murɗa ƙara kaɗan a dandamali, sai sifikun zauren biki su ɗauki ruri, kofunan gahawa na rawa a faranti. In ya rage, zaure ya huta, shi kuma ya kurumce, yana kiɗa yana kallon leɓen mawaƙi. Uwar ango ta aiko daga ɓangaren mata a tambaya ko jirgi ne zai sauka."

"Shekara ashirin kana jan wayoyi, ashe jan kawai ka iya."

"Ji mai magana! Digiri biyu, amma in zafi ya dame ka sai matarka Rabi'a ta kunna maka mukayyif ya sanyaya ɗaki. Yaron nan ni na koya masa riƙon jita. Baba Zahar yake ce min."

"Baban haya."

"Baban hayar aka fara gaya wa zancen budurwarsa Lama."

Ya'u bai san wata Lama ba. Ya ɗago ya dube shi. Zaharadden ma ya ga bakinsa ya yi gaba da shi, ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba.

Ya'u ya durƙusa, ya juya amfilifayar. Kusa da ramin wayar da ke tafiya kai tsaye zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin zaure, akwai wani ɗan maɓalli, da sawun danƙo kewaye da shi.

"Ina salatif ɗin da ke nan?"

"Na ɓare. Datti ne. Na goge ta tas, don girmama marigayi."

"Ka goge, ka danna. Maɓallin nan in yana ciki, abin da ke zuwa miksa sai ya bi ta wurin murɗa ƙara, duk abin da Badr ya ƙara wa kunnensa ya ƙara wa zaure. In yana waje, miksa na ɗaukar nata tun kafin nan. Badr ya ƙure tasa in ya ga dama, zaure na hannunka."

Ya'u ya danna. Maɓallin ya fito, ƙas.

Zaharadden ya saki baki. "Kai? Wa ya gaya maka?"

"Ƙarfe ɗaya da rabi, ranar Alhamis, a nan inda kake tsaye. Da cokali ya zana min a kan shinkafa, hanya biyu. Ya ce, 'Baba, kada Baba Zahar ya sani. Duk maɓallin da ya sani sai ya taɓa.'"

"Ƙarya kake!"

"Ya ce shekara uku kana karɓar yabo kan sautin salatif."

Zaharadden ya tuntsure da dariya har ya dafa bango, sannan ya daɗe yana goge ido da bakin hannun riga.

"Halas, shi ke nan. Ɗan mace ya ci. Yau ni ne bawan."

"To bawa, zauna. Rabi'a, a kawo shayi! Zancen Lama, daga farko, kada ka tsallake komai."

Sai da aka kira azahar ya gama. Ya'u bai katse shi ko sau ɗaya ba.

Tufafin Musbahu tun sadakar bakwai aka raba su. Jitar tana ɗakinsa, bayan ƙofa, cikin jakarta. Amfilifayar kuwa Ya'u ya yanko sabon salatif ya rufe maɓallin, ya rubuta a kai da biro: "Zaharadden, kada ka taɓa." Sannan ya kama masa gefe ɗaya, suka sauka da ita zuwa mota.