Ku Bar Matata Ta Ƙarasa Faɗanta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Binciken Narka Ƙarfe, uban masu fararen riguna, wanda ya ɗauke mana hayaƙi ba tare da ya nemi shawarar kowa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai sitaci da guga, da fatan kana lafiya, kai da iyali da na'urori. Ni ne mai wankin nan da shagonsa ke manne da katangar masana'antar ƙarfe, daidai gindin dogon bututun hayaƙi. Shekara ashirin da biyu bututun yana ɓata kaya ni ina wankewa, ba wanda ya taɓa jin kanmu. Sai ga yaranka wata uku da suka wuce, wai sun zo gwaji: maimakon kwal, da wata iska mai suna haidurojin za a riƙa fitar da ƙarfe daga tama, abin da zai fito ta bututu kuwa tururin ruwa ne kawai. Na yi dariya har na ƙona hannun rigar wani. Ashe da gaske suke. Don haka ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya, kun tona asirin layinmu. Ruwan sama biyu aka yi bayan hayaƙi ya ɗauke, sai muka gano ashe katangar makaranta shuɗiya ce. Kyanwar mai shayi, wadda kowa ya sani baƙa wuluk, ta wayi gari fara tas, har maigidanta ya kore ta sau biyu yana zaton ta wani ce. Ni kaina da nake taƙamar ba ni da furfura ko ƙwaya ɗaya, na je aski, mai aski ya miƙo min madubi ya kau da kai. Yallaɓai, wane sashe na bincikenku ne ya ba ku izinin tsofar da mutum cikin wata uku?

Na biyu, sana'a. Da kullum ma'aikaci sai ya kawo riga. Yanzu sai ya sa ta kwana huɗu, ya shinshina hammata, ya ƙara mata kwana ɗaya. Matan layi suna shanya farin zanen gado a waje, tsirara a fili, ya bushe yana nan farinsa. Ni kuwa ina zaune bakin shago ina kallon sama kamar yau aka kawo ni duniya. Shekaranjiya na ga tsuntsu a kan bututun. Tsuntsu, ranka ya daɗe! Na tara jama'a muka yi ta tafi har ya tsorata ya tashi.

Na uku, ƙanin matata. Shekara goma sha biyar yana bakin tanderu, da ido yake gane zafin ƙarfe. Kun maƙala wa tanderun na'urori, kwamfuta na faɗin zafin kafin shi ya buɗe baki, kun kuma zaunar da shi ɗaki mai sanyi har ya yi kumatu. Yanzu kullum yana gidana yana ci yana ba mu lacca: yadda za a narka tsofaffin ƙarafa da lantarki, yadda kashin ƙarfe, wato dattin da ke saura bayan narkawa, zai koma siminti, yadda za a kama ragowar hayaƙi a tura shi ƙarƙashin ƙasa. Tun ranar da ya ce tsohon ƙarfe shi ne arzikin gobe nake lura da irin kallon da yake wa dutsen gugata. Na fara kulle shi a akwati.

Na huɗu shi ne babba, ina roƙon ka gyara zama. Uwar 'ya'yana shekara tara tana fama da ƙirji. Matakala goma sha huɗu ce zuwa rufin da muke shanya, rabonta da hawa har na manta. In ta fara yi min faɗa, kalma biyar ko shida tari zai sarƙe ta, in miƙa ruwa da abin shaƙa, magana ta mutu a nan. Har na fara ɗaukar kaina mutumin kirki.

Ran Talatar makon jiya ina shanya, na waiga, sai ga ta a rufi da kwandon wanki a ka. Ta sauke, ta kama ƙugu, ta ɗauko faɗa tun daga shekarar da na ara wa abokina keken ɗinkinta bai dawo da shi ba. Minti arba'in, yallaɓai, ba tari ko ɗaya! Na motsa zan sulale, ta ce, "Tsaya, Malam, ban gama ba. Yau Allah ya ba ni iska." Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen wandon wani, baki har kunne, hawaye na zuba. Ta ce, "Au, dariya ma na ba ka?" Na ce, "Ci gaba, don Allah, ci gaba." Tun ranar aurenmu ban yi farin ciki irin wannan ba.

Na biyar. A sana'armu ba a jiƙa riga sai an lalube aljihu. A aljihun farar rigar wani yaronka na tsinci takarda. Ba halina ba ne karanta takardar mutane, amma wannan sau uku na karanta ta. Wai gwaji ya yi nasara ƙwarai. Wai saboda haka ƙarshen watan nan za a kashe shi, a koma kwal, har sai an zurfafa bincike. Na goge ta da dutse mai ɗumi na mayar inda take.

Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu mai nisa ba, a fahimtar da ni. A wajenku in abu ya yi nasara kashe shi ake yi? Da ya faɗi fa, me za a yi masa? Ƙanin matata ya ce iskar haidurojin ɗin tsada gare ta, kuma samar da ita na shan wuta. Na yarda. Amma in zurfin bincike ake nema, a turo min mutum biyu da na'urorinsu su zo su auna matakala goma sha huɗu. Zan wanke musu riguna su tafi fes.

Ban gaya wa matata ba. Ta jefa abin shaƙarta can ƙasan akwati, ta kai tukwanen fure uku rufi, jiya har waƙa na ji tana yi, ga muryar ba daɗi, ga ni ba na so ta daina.

Saboda haka na janye koke na ɗaya da na biyu da na uku. Furfura na karɓa, kasuwa na yafe, dutsen guga ma in ƙaninta na so ya zo ya narka. Ku dai bar mana tururin nan. Ta ce faɗan shekara tara ta tara min, yanzu muna cikin ta uku. Saura shida, yallaɓai, kuma ina so in ji su duka daga bakinta, har ƙarshe.

Naka mai biyayya, a durƙushe, hula a hannu, furfura a waje,

Mai wanki na gindin bututu.