Yadda Za Ka Ji Rawar Akwatin Lasifika Ta Bayan Labule

Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na lamunce maka babu mai sake yi wa kunnenka kallon raini. Hanyar Wendell Sorby ce, shugaban ƙungiyarmu ta masu sauraron kiɗa a garin Duluth na Amurka, wanda muke kira Sarkin Kunne, kuma saura ƙiris ta yi masa aiki.

Mataki na 1: Samo cutar da kai kaɗai ke ji

Ka ce katakon akwatin lasifika yana rawa idan kiɗa ya tashi, rawar kuma tana ɓata maka sauti. Duk gidan da ka shiga ka ƙwanƙwasa akwatinsu da bayan yatsa kamar mai sayen kankana, sannan ka girgiza kai cikin tausayi. Wendell har a gidan makoki ya taɓa yi.

Mataki na 2: Ɗura wa naka yashi

Wendell ya haɗa akwatuna biyu masu tsayin firji, ya cika jikinsu da yashi har daɓen katakon falo ya lotsa. Teburin cin abinci ya koma gareji. A bikin godiya na bara, wanda Amurkawa ke yi duk shekara, dangin matarsa Marlys a kan cinya suka ci talotalo, surukarsa ta kife romo a siket. Kada irin wannan ya dame ka. Ilimi dama da cin wuri yake zuwa.

Mataki na 3: Kada ka yarda a rataya labule

Nan Wendell ya yi sake. Marlys ta bari sai da 'yan ƙungiya suka cika falo, sannan ta kawo sharaɗi. Orrin, tsohon injiniyan cikinmu, zai ajiye wani akwatin falanki mara yashi kusa da na Wendell, lasifika iri ɗaya, ƙara daidai, a ja labule. In mijinta ya gane wanda ke kiɗa, akwatunansa sun zauna har abada. In ya kasa, teburi ya dawo kafin talotalon bana. Da idon jama'a a kansa, sai ya yi dariya ya ce ai ko yana barci zai gane.

Mataki na 4: In an riga an rataya, ɗora laifi a kan komai

Ka ce labulen ya yi kauri. Ka sa a kashe firji. Ka roƙi Orrin ya rage numfashi. Wendell ya yi duka, amma da aka yi ta sauya akwati sai dabara ta ƙare masa, domin tsakaninsa da Allah abu ɗaya yake ji. Na tausaya masa ranar, don mutum ne da ya gina sunansa kacokan a kan kunnuwan nan biyu.

Mataki na 5: Cire takalmi

Wannan shi ne sirrin. Akwatin da ke rawa zai girgiza daɓen katako, tafin ƙafa kuma ba ruwansa da labule. Ka ce takalmin ya matse ka.

Wendell ya taka daɓe da safa, ya rufe ido. Can sai ya ji ta: jijjiga tana hawowa daga diddige har gwiwa. Ya miƙe da murmushi.

"Orrin, wannan kwandon naka ne. Har a haƙorina nake jin sa. Duk wanda ya haɗa shi, a raba shi da guduma."

Orrin ya kashe kiɗa, ya yaye labule. Ashe wayar kiɗan a jikin akwatin Wendell take jone. Kiɗa ya mutu, amma daɓe bai daina rawa ba. Sai ga Marlys ta hawo daga ɗakin da ke ƙarƙashin falo da kwandon wanki.

"Takalmanka na shiga ƙanƙara na jefa a injin busar da kaya, Sarkin Kunne," in ji ta. "Na ga ka cire na ƙafarka, na ce ko kana neman wasu."

Mataki na 6: Yi ƙorafi, amma ka san inda za ka tsaya

Wendell ya ce an ɓata gwajin, kuma gaskiyarsa ce. Marlys ta amince nan take, ta ce bari ta kashe injin a sake daga farko. Ya dubi labulen, sannan ya ce ba ya son wahalar da Orrin.

Teburi ya dawo, akwatuna suka koma gareji. Yashin kuwa Marlys ke ɗiba kaɗan-kaɗan tana watsawa a matakalar ƙofa idan ƙanƙara ta daskare, kuma bana surukar Wendell ko zamewa ba ta yi ba.

Hattara: Mai wannan nasiha ba ya ɗaukar alhakin lotsewar daɓe, asarar falo ko zubewar girma. Wanda ya bi ta ya kwana a gareji, kada ya neme ni. Ya nemi Wendell, yana can yana ƙwanƙwasa akwatunansa, har yanzu shiru suke.