Ranar da Hedimasta Ya Ci Sifili a Lissafi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na baro Kalgo, kwamfuta a jaka, ina jin kaina wani babban injiniya. Wata makaranta a Gwandu ce ta ba ni gwaji: in gina shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu a waya. In ya yi kyau aikin ya zama nawa, in bai yi ba a kira wani daga Birnin Kebbi.

A kwamfutata komai lafiya lau. Shafin yana tambayar saba, wato injin da ke ɗauke da shi, adireshin da aka buɗe, ya ciro lambar ɗalibi daga ciki. In bai samu lamba ba, sai ya nuna ɗalibin farko a jerin. Wannan ɗalibi kuwa na gwaji ne, ni na ƙirƙire shi, na sa masa sunan hedimasta Malam Bello (kada ku tambaye ni dalili, shaiɗan ne kawai). Lissafi sifili. Bayanin malamin aji: “Barci da yawan surutu.”

Aka ɗora shafin a sabar makaranta, iyaye suka cika zaure, aka haska shi a bango. Wani dattijo daga Maruda ya faɗi lambar 'yarsa, na buga da yanga. Sai ga Malam Bello da sifilinsa, ɓaro-ɓaro. Na buga wata lamba, shi ne dai. Ta uku ma shi.

“Ɗana, wanga mi na?” in ji hedimasta, a hankali.

Dattijon ya gyara hula ya ce, “Ashe Malam ma bai tsira ba.”

Zaure ya kece da dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na roƙi minti goma.

Na sa sabar ta zazzage duk bayanan da take miƙa wa shafi. Nan na gano abin. Ni ina neman adireshin da sunan REQUEST_URI, yadda sabar kwamfutata ke kiransa, ita kuwa tasu wata iri ce, da wani suna take ajiye shi. Kamar ka shiga garin Ceberu kana cigiyar mutum da sunan makaranta, alhali kowa da laƙabi ya san shi. Na rubuta layi biyar: a nemi sunan farko, in babu a gwada na biyu, in duk babu a ce ba a samu ba.

Na sake buga lambar. Sakamakon 'yar dattijo ya fito, ta biyu a aji. Aka yi ta tafi, ni kuma na miƙe ina wani gyara wuyan riga.

Aikin dai na samu. Tun ranar ba na ɗauka kowace saba yarenmu ɗaya, kuma ɗalibin gwaji sunana nake sa masa. A bakin ƙofa Malam Bello ya riƙe hannuna ya ce, “Barcin na yarda. Amma lissahi ni ka koyar da shi, ka maido min makina.”